Brown Card na ECOWAS: abin da yake biya da inda yake cijewa

Duk motar da za ta fita daga Najeriya ta Seme, Idiroko, Jibiya, Illela ko Maigatari, akwai takardun da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ce a nuna: lasin tuƙi mai aiki, takardar mallakar mota, takardar kwastam ta shigar da mota na wucin gadi, da inshorar da ƙasashen ƙungiyar suka amince da ita. Wannan ta ƙarshen ita ce Brown Card, wadda a ƙasashen Faransanci ake kira Carte Brune. Direbobi da yawa sun ɗauke ta a matsayin takardar wuce shinge kawai, a miƙa wa jandarma ya duba ya maido. Amma kaya ce da aka biya wa kuɗi, tana da alkawari a rubuce, kuma ya kamata a auna ta kamar kowace haja: me ta ce za ta yi, me take yi, a ina take gazawa.

Hukuncin a taƙaice shi ne: katin yana da arha ƙwarai idan aka kwatanta da haɗarin da yake ɗauke maka, kuma fita babu shi wauta ce. Wajen wucewa a hanya yana aiki. Wajen biyan diyya yana aiki, amma da tafiyar hawainiya. Wajen hana a tsare direba da mota bayan hatsari kuwa, a nan ne ya fi ba da kunya, kuma laifin ba na takardar ba ne kaɗai.

An kafa tsarin ne da yarjejeniyar da shugabannin ƙasashen yankin suka sa wa hannu a Kwatano ranar 29 ga Mayu, 1982. An kwaikwayo shi daga Green Card na Turai, wanda ya girme shi da kimanin shekara talatin. Ƙasashe 14 aka gina shi a kansu: Najeriya, Nijar, Benin, Togo, Ghana, Kodibuwa, Burkina Faso, Mali, Senegal, Gambiya, Gini, Gini Bisau, Saliyo da Laberiya. Kef Bad ba ta ciki, tunda tsibirai ce babu hanyar mota zuwa can. Kowace ƙasa tana da ofishinta na ƙasa, sannan akwai majalisar da ta haɗa ofisoshin duka, mai sakatariya a Lome.

Yadda aka tsara aikin yana da kyau a fahimce shi, domin a cikinsa duk alherin da duk matsalar suke. A ce tirelar Kano ta buge wata ƙaramar mota a kan hanyar Parakou. Mai ƙaramar motar ɗan Benin ne, bai san kamfanin inshorar Najeriya ba, ba shi da kuɗin zuwa Legas bin haƙƙinsa, kuma kotun Benin ba ta da hannun da za ta kamo kamfanin da ke wata ƙasa. Abin da tsarin ya yi shi ne ya ba shi ƙofar da zai ƙwanƙwasa a gida. Ofishin Benin, wato na ƙasar da hatsarin ya faru, shi ke karɓar ƙorafi, ya tattara rahoton jami'an tsaro da na asibiti da na mai ƙiyasta ɓarna, ya tsaya a madadin kamfanin da ya yi wa tirelar inshora. Ofishin Najeriya, wanda katin ya fito daga hannunsa, shi ke da alhakin ganin kamfanin ya maido da kuɗin. Ofis biyu ke nan, ɗaya yana aiki, ɗaya yana lamuni. Idan suna jin maganar juna, direba ya wuce abinsa, wanda aka buge ya samu diyya. Idan kuwa akwai tsohon bashi tsakaninsu, fayil ɗin sai ya kwanta.

Kuɗin sayensa a Najeriya ya sauya fasali tun 1 ga Janairu, 2023. Kafin nan ana sayen katin daban, sai mai niyyar tafiya ya nema. Sanarwar da hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar a Disamba 2022 ta ɗaga kuɗin inshorar dole, wato wadda ke biyan haƙƙin wanda ka cutar, ta kuma haɗa Brown Card a ciki. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, da iyakar diyyar ɓarnar dukiya ta naira miliyan 3. Motar da mutum ke ɗaukar kayansa da ita naira 20,000, iyakarta miliyan 5. Manyan motocin dakon kaya naira 100,000, su ma miliyan 5. Keke mai ƙafa uku naira 5,000, babur naira 3,000. An yi ta ƙorafi a lokacin kan ninka kuɗi har sau uku, amma ga mai ƙetare iyaka cinikin ya yi kyau: da kuɗin da bai kai cikon tankin fetur ba ka samu kariyar shekara guda a gida da waje.

Sai dai akwai tarko a cikin wannan haɗin. Cewa an haɗa katin a cikin kuɗin ba ya nufin yana aljihunka. Jandarman da ke tsaye a Dan Issa ko a hanyar Konni bai karanta sanarwar NAICOM ba, kuma ba aikinsa ba ne. Takarda yake son gani mai tambarin ƙungiyar, mai lamba, mai rubutu da harshen da yake karantawa. Wanda ya miƙa masa takardar inshorar Najeriya zalla, da Turanci, yana cewa ai katin na ciki, ya ɓata wa kansa lokaci. Don haka ranar da za ka biya inshora, ka ce wa kamfanin a fito maka da takardar Brown Card ɗin kanta. Ka buga ta a takarda, kwafi biyu. Hoton waya ba ya wadatarwa a shingen da babu sabis, kuma waya takan mutu a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Da an miƙo maka takardar, kafin ka bar ofishin, akwai abin dubawa. Lambar mota ta dace harafi da harafi da wadda ke jikin motar da ta takardar mallaka. Lambar shasi ma haka, kuma a nan aka fi yin kuskure, domin haruffa da lambobi 17 ne, mai bugawa yakan sa 8 a gurbin B, ko 5 a gurbin S. A gida ba wanda zai kula. A waje, ranar hatsari, harafi ɗaya ya isa ofishin can ya ce sai ya rubuta wasiƙa Najeriya a tabbatar masa motar ce, kuma amsar wannan wasiƙar ba ta zuwa a mako guda. Ranar farawa da ranar ƙarewa su rufe tafiyar duka har da dawowa, da rarar kwanaki. Masu tirela su tabbatar an ambaci kai da bodi duka biyun, domin a ƙasashen Faransanci ana kallon bodin a matsayin abin hawa mai takardunsa. Nau'in aikin motar ma a rubuta gaskiya. Wanda ya yi wa motar haya inshorar motar gida domin ya rage kuɗi, ya saya wa kansa rigima ne da kamfani ranar biya.

Babban abin da ya fi ɓata sunan katin shi ne jabu. A bakin tashoshi da kusa da ofisoshin lasin akwai masu buga takardar inshora da sunan kamfanin da babu shi, ko da sunan kamfani na gaske amma ba a shigar da ita ko'ina ba. Tana wuce shinge lafiya lau, shi ya sa ake sayenta. Ranar da jini ya zuba ne ake gane takarda ce kawai. Hanyar gwaji a Najeriya mai sauƙi ce: rumbun bayanan NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora, wanda ake dubawa ta shafin askniid.org da lambar mota. Idan motarka ba ta fito ba bayan kwana ɗaya ko biyu da biya, koma ka nemi bayani kafin ka ɗora kaya. Tun da 'yan sandan Najeriya suka fara tilasta inshorar dole a Fabrairu 2025, wannan dubawar ta ƙara zama wajibi. Ga wanda ke ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilin addini, kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasin NAICOM su ma suna yin inshorar mota, sai a tambaye su takardar katin kamar yadda za a tambayi kowa.

Yanzu ga abin da katin ke biya. Yana biyan haƙƙin wanda ka cutar: rai, rauni, da dukiya. Kuma ma'aunin da ake bi shi ne dokar ƙasar da hatsarin ya faru, ba ta ƙasar da ka fito ba. Wannan shi ne mafi darajar abin da ke cikinsa, kuma mutane kaɗan ne suka lura. A Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Kodibuwa da Senegal, dokar inshora ɗaya ce, wato kundin CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Yawunde ta 1992 ya fara aiki a 1995. Kundin yana da jadawalin lissafin diyyar rauni da mutuwa. Likita yana auna yawan nakasar da aka samu da kashi cikin ɗari, a haɗa da shekarun mutum da abin da yake samu, sannan a ɗaure lissafin da mafi ƙarancin albashi na ƙasar. Idan mutuwa ce, akwai kason mata ko miji, na 'ya'ya, na iyaye, da kuɗin jana'iza. Amfanin jadawalin shi ne babu ciniki irin na kasuwa, kuma babu alƙalin da zai yanke kuɗin da ya ga dama don ya ga baƙo. Direban da ba shi da kati, duk wannan lissafin a wuyansa da na maigidansa yake, da sefa.

Abin da ba ya biya ya fi yawa, kuma rashin sanin haka ne ke sa wasu su ce an cuce su. Ba ya gyara motarka. Ba ya biyan kayan da ka ɗauko, ko buhun albasa ne ko kwantena. Ba ya biyan sata, gobara, ko ƙwacen 'yan bindiga. Direban da ke riƙe da sitiyari ba ya cikin waɗanda ake biya, kuma a ƙarƙashin kundin CIMA ma'aikatan mai motar da ke bakin aiki, irin su yaron mota, ba sa cikin inshorar dole. Tarar jandarma, kuɗin janwe, kuɗin ajiyar mota a harabar hukuma, duk daga aljihunka. Mai cikakkiyar inshora ma kada ya saki jiki, domin galibin takardun an rubuta musu iyakar ƙasa, wato Najeriya kawai. Idan kana son gyaran motarka ya shiga a waje, sai ka nemi a faɗaɗa maka iyakar a rubuce, da ƙarin kuɗi. Kaya kuma inshorarsu daban ce.

Ranar hatsari ce ake gane ingancin wannan haja, kuma rabin ingancin yana hannun direba. Abu na farko, kada a gudu. Idan jama'a sun taru ana neman far wa direba, ya nufi ofishin jandarma ko na 'yan sanda mafi kusa ya miƙa kansa, wannan ba gudu ba ne. A galibin ƙasashen Faransanci bisa al'ada 'yan sanda ke da cikin gari, jandarma ke da manyan hanyoyi da karkara. Kada a matsar da motoci kafin su zo su auna, sai dai idan rai za a ceta. A ɗauki hotuna tun abin yana sabo: inda tayoyi suka tsaya, zanen birki a kan kwalta, lambar ɗaya motar, takardar inshorarta, alamar hanya ko dutsen kilomita mafi kusa. Jami'an za su yi konsta, wato binciken wurin hatsari, su zana taswirar wurin, su rubuta rahoton da ake kira PV. Wannan rahoton shi ne ƙashin bayan fayil ɗin gaba ɗaya. Babu shi babu diyya, kuma abin da aka rubuta a cikinsa game da wanda ya shiga hannun wani shi ne zai raba laifi.

A nan ne direbobin da ba sa jin Faransanci suke faɗawa rami. Ana rubuta bayaninsu da harshen da ba sa karantawa, a miƙo musu biro. A Maradi ko Damagaram da sauƙi, jandarman da kansa yana jin Hausa. A Dassa ta Benin ko Atakpame ta Togo sai an nemi tafinta, kuma gara a nemo shi daga zangon Hausawa ko ƙungiyar direbobi da a bar ɗaya ɓangaren ya fassara maka. A karanta maka kowane layi kafin ka sa hannu. Kada ka rubuta cewa ka ɗauki laifi, kada kuma ka yi alkawarin biya. Faɗi abin da ya faru, ka tsaya nan. Sannan a cikin kwana ɗaya ko biyu a sanar da wurare biyu: ofishin Brown Card na ƙasar da kake, da kamfaninka na gida. A ba su kwafin kati, lasin, takardar mota, da sunan ofishin jandarman da ya yi konsta. Asalin katin ya zauna a hannunka, kwafi ake bayarwa. Duk takardar da ka miƙa, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin.

Sulhun gefen hanya yana da jan hankali, kuma ga ƙaramar ɓarna, fitila ko madubi, babu laifi a daidaita a wuce, tunda bin fayil zai fi kuɗin fitilar tsada. Amma da zarar akwai rauni, sulhu ba tare da rahoto ba ganganci ne. Kuɗin da ka bayar da hannunka ba lallai kamfani ya maido maka ba, domin ba da izininsa ka biya ba. Kuma wanda ya tashi yana cewa ba komai, bayan kwana uku jini na iya taruwa masa a kai, iyalinsa su kai ƙara, ka zama wanda ya buge mutum ya tafi. Taimakon gaggawa na kai mutum asibiti da sayen magani abu ne na mutunci, a yi shi, a riƙe rasit.

To, ina katin yake cijewa? Wuri na farko shi ne tsare direba da mota. Manufar tsarin ita ce kati ya zama lamuni, domin kada a riƙe mota a matsayin jingina. A aikace jami'in da ke wurin yana tsoron idan ya saki motar baƙo ba zai sake ganinta ba, ga dangin wanda aka buge a ƙofar ofishinsa. Sai ya riƙe. Akwai kuma abin da direbobi ba sa bambancewa: katin yana ɗauke nauyin diyya ne, ba ya ɗauke tuhumar laifi. Idan an rasa rai, mai gabatar da ƙara na da ikon tuhumar direba da kisa ba da niyya ba, kuma babu takardar inshorar da ke hana wannan a kowace ƙasa. Abin da ofishin Brown Card na wurin zai iya yi shi ne ya rubuta wa hukuma cewa katin na gaske ne kuma ya karɓi fayil, wanda sau da yawa shi ke sa a saki mota. Saurin fitowar wannan wasiƙar ya dogara ne da saurin amsar ofishin ƙasarka. Ofisoshin kuma a manyan birane suke. Hatsari a Diffa, ofis a Yamai, tsakaninsu fiye da kilomita 1,300.

Wuri na biyu shi ne kuɗi tsakanin ofisoshi. Ana karɓar kuɗin inshora da naira, ana biyan diyya da sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yuni 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 a 2024. Ma'ana, diyyar da kamfanin Najeriya ya yi lissafinta a farkon 2023, kafin fayil ya kammala ta ninka kusan sau uku a naira, alhali kuɗin da ya karɓa bai ƙaru ba. Kamfani a irin wannan hali ba ya gaggawar biya. Ƙara da wahalar tura kuɗi daga banki zuwa banki tsakanin ƙasashen da ke maƙwabtaka amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Shi kuma ofishin da ke can, idan ya taɓa biya daga aljihunsa ba a maido masa ba, a karo na gaba sai ya ce sai kuɗi sun iso. Wanda ke kwance a asibiti shi ke jira. Direban gaba da zai yi hatsari a garin shi ke biyan kuɗin wannan jiran, domin jami'an wurin sun riga sun koyi cewa katin ƙasar kaza ba ya saurin biya.

Wuri na uku shi ne tabbatarwa. Najeriya na da NIID, Ghana ta kafa nata rumbun bayanan inshorar mota a 2020, amma jami'in da ke shingen wata ƙasa yakan dogara ne da idonsa. Wannan ya buɗe ƙofa biyu: jabu ta wuce, ta gaske kuma a ce ana shakkarta har sai an ba da na goro. A kan hanyar Legas zuwa Abidjan, mai tsawon kilomita dubu da 'yan kai, ƙasashe biyar da iyakoki huɗu ake ratsawa, kuma kowane shinge dama ce ta sake wannan muhawarar. Ofishin iyaka na haɗin gwiwa da Shugaba Buhari da Shugaba Talon suka buɗe a Seme-Krake a Oktoba 2018 ya haɗa jami'an ƙasashen biyu a haraba ɗaya, amma haɗa gini ya fi haɗa rumbun bayanai sauƙi.

Wannan batun ya wuce na inshora. Takardar da ke ɗauke da lambar mota da lambar shasi, wadda za a iya tabbatarwa a ɗaya gefen iyaka cikin minti ɗaya, makami ce a kan satar mota da safarar makamai. A Agusta 2003 Shugaba Obasanjo ya rufe iyakar Benin na 'yan kwanaki saboda fashin motoci da ake tsallakawa da su, sai da ya zauna da Shugaba Kerekou aka buɗe. Tun daga nan ana ta tarurruka kan musayar bayanan 'yan sanda, har aka kafa tsarin WAPIS da taimakon Interpol da kuɗin Tarayyar Turai. Da za a haɗa bayanan katin da irin wannan rumbu, da jami'in shinge ya rage dogaro da zato, mai gaskiya kuma ya rage tsayuwa.

Siyasa ma tana taɓa darajar katin kai tsaye, kuma ba a maido wa kowa kuɗinsa idan hanya ta rufe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agusta 2019. Sai a Disamba 2020 aka buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum, su Jibiya, Kamba da Idiroko kuwa sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi aka sake rufe iyakar Nijar, har zuwa Maris 2024. Gadar Malanville da Gaya, tsakanin Benin da Nijar, kuwa Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba ko bayan an janye takunkumin. Motocin da rufewar ta rutsa da su a waje sun yi watanni a tsaye, takardunsu suna ƙarewa. Yarjejeniyar 1979 ta ba motar gida kwana 90 a wata ƙasa, motar haya mai ɗaukar fasinja kwana 15 da damar sabuntawa, don haka mai motar haya ne ya fi saurin faɗawa cikin saɓa doka ba da laifinsa ba. Darasin aiki a nan shi ne kada a fita da katin da saura masa mako biyu ko uku. A sabunta tukuna. Kuma a riƙe lambar wayar wani a kamfanin da zai iya sabunta maka daga nesa ya turo.

Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, ta ƙara wani mataki ga mai tafiya arewa. Ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, da barin mutane da kaya su wuce kamar da, har sai an cim ma sabuwar matsaya. Tsari irin wannan na riƙon ƙwarya ne, yana iya sauyawa da sanarwa ɗaya. Mai zuwa Maradi, Damagaram, Wagadugu ko Bamako ya sa kamfaninsa ya tabbatar masa a rubuce cewa ƙasar da zai shiga tana cikin kariyar katin a ranar tafiyarsa, ya karɓi adireshi da lambar wayar ofishin da zai nema a can idan wani abu ya faru. Ya kuma tambayi direbobin da suka dawo a makon, domin su ne ke da labarin abin da ake nema a shinge yau.

Idan aka ajiye shi kusa da takwarorinsa, Brown Card yana tsakiya. Green Card na Turai ya kai matakin da a cikin Tarayyar lambar mota kaɗai ta wadatar, ba a tsayar da kowa a nemi takarda. Yellow Card na COMESA, a gabashi da kudancin Afirka, ya yi gaba wajen komawa na'ura da kuma asusun haɗin gwiwa na inshorar da kamfanonin inshora ke yi wa kansu, wanda ke rage jiran kuɗi daga wata ƙasa. Abin da na Yammacin Afirka ya fi buƙata ke nan: asusun da zai biya wanda aka buge nan take, ofisoshi su yi lissafinsu daga baya.

Kuskure ɗaya ya rage wanda ke cin 'yan kasuwar Borno, Adamawa da Taraba. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, suna ƙungiyar CEMAC ne, kuma katinsu daban ne, Carte Rose. Brown Card ba ya aiki da zarar ka tsallaka daga Gamboru zuwa Fotokol, ko daga Banki zuwa Amchide, ko ta gadar Mfum zuwa Ekok. Mai zuwa Kusiri ko Njamena sai ya yanki inshorar can a bakin iyaka, daga wakilin kamfani mai lasin ƙasar, ya duba kwanakin da aka rubuta masa, kuma idan zai wuce Chadi ta Kamaru ya tabbatar takardar ta rufe ƙasashen biyu.